Faifan Mama

Kwali uku Auta ya hau da su bene, ɗaya bayan ɗaya, a kafaɗa, don mai motar da ya kawo shi ya ce shi tuƙi ya koya, ba dako ba. A hawa na biyu suke zaune, shi da Baba, ɗaki biyu da falo. Da ya dire na ƙarshe ya tsaya yana haki, Baba ya leƙo shi ta saman tabarau daga kujerarsa ta bakin taga.

"Firji ka sayo?"

"Bidiyo ne, Baba."

"Na'am?"

"Bidiyo!"

Baba ya dubi kwalayen, ya dubi ɗansa. "Duk wannan? To wa zai zauna a falon, mu ko shi?"

Auta ya ɗauko wuƙa ya fara yanka bakin kwali.

Kunnuwan Baba injin saƙa ne ya cinye su. Rabin rayuwarsa a gabansa ya yi ta, a masana'antar yadi, har aka rufe ta. Na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama yana bin sahu a hankali. Likita bai ɓoye musu ba: ba zai dawo ba, raguwa zai yi ta yi har ya ƙare. An ba shi ɗan abin nan da ake sawa a kunne, ya sa kwana biyu ya ce fito yake yi masa kamar marar tarbiyya, ya jefa shi a durowa.

Ba labarai ne suka dami Baba ba, ba ƙwallo ba. Faifai ɗaya ne. Ranar da Yaya ta gama makarantar jinya an ɗauko mai ɗaukar bidiyo, ya bi su tun daga gida har zauren taro. Mama tana ciki. A farko da tsakiya ba a cika ganinta ba, sai gilmawa. Amma can a ƙarshe, bayan dogayen jawabai, mai bidiyon ya tare ta a bakin mota ya ce ta yi magana. Ta yi wa Yaya addu'a, sannan ta nuna Baba ta ce, ku dube shi, hula a karkace, wai shi ne uban likita. Ta yi dariya har sai da ta dafa mota. A nan faifan ya ƙare.

Mama ta rasu, Allah ya jiƙanta. Wayar da ke ɗauke da saƙonnin muryarta an zare ta daga aljihun Baba a tasha. Mai bidiyon ya rufe shago ya bar gari, lambar wayar da ke jikin sitikar da ya manna a kan faifan yanzu ta wata mai sayar da kaji ce. Abin da ya rage ke nan, faifai ɗaya a cikin leda, a ƙasan akwatin takardun Baba. Yaya ta sha roƙonsa ya bari ta kai a kwafa. Ya ce gobe. Tun da aka sace wayar, bai yarda wani abu na Mama ya sake ƙetare ƙofar gidan ba.

Duk ranar hutu sai ya ce a sa masa. Tsohon bidiyonsu baƙi ne, siriri, marar suna. Rimot ɗinsa ya ɓata, farantinsa na ɗora faifai ba ya shiga sai an tura da yatsa, kuma ba ya zaɓe: faifan kasuwa, mai ƙarzuwa, mai shatin maiƙo, duk haɗiyewa yake yi. Shi ya sa mijin Yaya ya raɗa masa suna Akuya. Tunda babu rimot, Baba sai ya zauna ya kalli jawabin shugaban makaranta tun daga gaisuwa har godiya kafin ya kai ga dariyar. Bai taɓa ƙorafi ba, sai wata rana da faifan ya ƙare.

"Bakinta nake gani yana motsi," ya ce. "Na san abin da take cewa. Ji ne ba na yi."

An riga an ƙure ƙarar talabijin ɗin. In an ƙure shi, ƙugi kawai yake yi.

Daga ranar Auta ya fara tsayawa a gaban shagon kayan sauti in ya taso daga aikinsa na shagon taya. Gaskiyar magana, ya daɗe yana son na'urar tun kafin Baba ya buɗe baki. Maganar Baba dalili kawai ta ba shi. Wannan bai faɗa wa kowa ba.

Na'urar ta fito daga kwali mai nauyi, mai sanyi a hannu, fuskarta azurfa-azurfa. Sifika biyar, da wata babba kamar akwati da mai shago ya ce ufa ake ce mata. Auta ya wuni a durƙushe. Biyu a gaba, ɗaya a ƙarƙashin talabijin, biyu a bayan doguwar kujera, ya kafa musu ƙusa a bango daidai tsayin kunnen wanda ke zaune. Wayoyin ya bi da su gefen bango ya danne da ƙananan ƙusoshi, kada Baba ya yi tuntuɓe. Da ya danna madanni, farantin ya zuro kansa waje ba ƙara ba gargada. Auta ya mayar da shi, ya sake fito da shi. Sau nawa ya yi hakan, shi ma bai sani ba.

Akwai faifan gwaji a cikin kwalin. Ya sa. Jirgi mai saukar ungulu ya taso daga bayan kujera, ya wuce ta kan su, ya faɗa kicin. Kofunan cikin kabad suka hau rawa. Mutumin da ke hawan ƙasa ya fara buga silin ɗinsa da sandar goge ɗaki. Sai jirgin ya wuce, aka shiga daji, ruwa ya tsuge.

Baba ya juya ya leƙa taga. Rana fayau.

"Ruwa ake yi?"

Auta ya nuna sifika. Baba ya karkata kai, ya saurara, ya daɗe yana saurare.

"Har da kwaɗi," ya ce.

Da yamma mijin Yaya ya shigo, wai ya zo taya aiki, bayan an gama. Kayan gini yake sayarwa, mutum ne mai tumbi da dariya, kuma bai taɓa ganin Auta ya ƙyale shi ba. Ya tsaya a tsakiyar falo, hannu a ƙugu.

"Kai, Injiniyan Taya! Wannan ai ba bidiyo ba ne, Mai Girma ne. Sai da izini ake zama a gabansa ko? Ranka ya daɗe, barka da sauka." Ya rusuna wa na'urar. Sai idonsa ya faɗa kan Akuya, an ture ta bayan ƙofa, wayarta a naɗe a jikinta. "Ita kuma baiwar Allah laifin me ta yi?"

"Ɗauke ta in kana so," in ji Auta. "Tarkace ne."

"Tarkace? Za ka neme ta."

"Ni?"

Mijin Yaya ya saɓa ta a hammata ya tafi da ita, wai yara su samu na kallon wasan zane, wato katun. Baba ya ce a bar faifan Mama sai ranar hutu, in Yaya ta zo, a ji tare.

Ranar hutu suka hallara. Yaya ta zo da kayan aikinta a jaka, don daga nan asibiti za ta wuce. Baba ya sa hula, abin da ba ya yi in yana cikin gida. Ya buɗe akwati, ya zaro ledar, ya miƙa wa Auta da hannu biyu. Auta ya riƙe faifan ta gefe-gefe, ya ɗora a faranti, ya danna.

Na'urar ta haɗiye shi. Ta fara juyawa. Wani gunji siriri ya taso, kamar ƙudan zuma a cikin kwalba, ya ƙaru, ya ragu, ya tsaya. Rubutu ya fito a fuskarta da shuɗin haske, wai babu faifai a ciki.

Auta ya fito da shi, ya hura, ya goge da gefen riga, ya mayar. Gunji. Babu faifai.

"Ga shi kuwa muna kallo ta cinye," in ji mijin Yaya. "Ranka ya daɗe, a duba dai, talakawa ne suka kawo kuka."

"Don Allah ka yi shiru," in ji Yaya.

Auta ya ɗora tafin hannunsa a kan na'urar ya sake gwadawa. Ya ji girgizar tana shiga masa har gwiwar hannu. Ya cire faifan, ya sa na gwaji. Jirgi ya taso lafiya lau, na'urar shiru kamar ba ta aiki.

"Me ya faru?" Baba ya tambaya.

"Sai an saita ta, Baba!"

"Auta, ka zo gidanmu ka ɗauki Akuya kawai," in ji Yaya.

"In ɗauko ta ta yi me? Ya ci gaba da kallon baki yana motsi?"

Baba ya karɓi faifansa, ya mayar a leda, ya cire hula ya rataye.

Washegari Auta ya biya shagon. Faifan bai biyo shi ba, da baki ya yi bayani. Mai shago yana goge wata sifika, bai ma ɗago sosai ba.

"Kwafi ne ai. Na kwamfuta. Na'urarka ta manya ce, abokina, ba kowane faifai take karɓa ba. Wani kwafin ta karɓa, wani ta ƙi, sai yadda ta ga dama."

"Ba ka faɗa mini ba."

"Ba ka tambaya ba. Ƙara ka ce kana so, wadda kurma zai ji. Ƙarar ba ta yi ba?"

"Ta yi."

"To ka gani." Ya nuna kanta. "Ga na asali can, zaɓi wanda ya yi maka. Akwai na yaƙi, in ka sa sai maƙwabta sun fito da gudu."

Auta ya fita. Abu ɗaya ya riƙe a maganar: wani kwafin tana karɓa. Ashe ba kwafin ne matsalar ba. Akwai abin da ke damun wannan faifan shi kaɗai.

A shagon taya yake aiki, shi ne a kan injin daidaita ƙafar mota. Aikin ba shi da yawan magana, shi ya sa ya dace da shi. Mota in ta ɗauki gudu sitiyari ya fara rawa, to wata ƙafa ce gefenta ɗaya ya fi nauyi. A ciro ta, a ɗaura a inji. Abu na farko, a sa filaya a ɓamɓare duk tsohuwar dalmar da ke maƙale a bakin rim, wato ƙarfen da taya ke kai. Wannan ƙa'ida ce, tun ranar da ya fara maigidansa ya dasa masa ita a kai: ba a gyara a kan gyaran wani, a fara cirewa tukuna. Sannan a juya, inji ya nuna inda ke da sauƙi, a buga sabuwar dalma a wurin.

Ran nan wani direban tasi ya kawo ƙafar gaba, yana ta mita wai hannunsa har ya mutu saboda rawa. Auta ya ɗaura ta. Kafin ya taɓa filaya sai ya juya ta haka nan, don ya ji. Ya ɗora tafin hannu a kan murfin injin. Girgiza ta shiga masa har gwiwar hannu.

Ya tsaya.

Sitikar mai bidiyo. Takarda ce mai kauri, doguwa, an manna ta a gefe ɗaya, daga bakin faifan zuwa wajen tsakiya. Akuya a hankali take juyawa, ba ruwanta. Wannan kuwa gudu take yi. Duk abin da ke gudu ba ya son nauyi a gefe ɗaya.

"Malam, ƙafar kake yi wa addu'a ne?" in ji direban.

Auta ya ɗauki filaya.

Da rana ta take ya ce wa maigidansa zai je gida ya dawo. Ya san Baba ya tafi aski, kuma in ya je sai ya zauna ya kalli bakin mutane suna hira har la'asar. Falon shiru. Mai Girma yana lulluɓe da ƙyallen da Auta ya saya masa don ƙura.

Ya wanke hannu da sabulun wanki, ya sake wankewa, ya bi ƙarƙashin farce da tsinke har baƙin mai ya fita. Ya buɗe akwatin Baba. Bai taɓa buɗe shi ba sai yau. Ya shimfiɗa farin hankici a kan tebur, ya kwantar da faifan a kai, ɓangare mai ƙyalli a ƙasa, a hankali, kada ko ƙura ta taɓa shi. Kowa ya san can ne hoto yake. Bayan faifai ai bayan faifai ne, wurin rubutu da manna takarda.

Ya sa farce a kusurwar sitikar. Gam ɗin ya tsufa, ya kama. Ya ɗan ɗaga, ta ƙi. Ya ƙara ƙarfi. Ta taho gaba ɗaya da wata 'yar ƙara, kamar an yaga ganye busasshe.

Cikin sitikar yana ƙyalli.

Ya dube ta. Azurfa ce, siririya, ta manne a jikin gam ɗin, gefenta yana marmashewa a yatsansa. Ya ɗaga faifan wajen taga. Inda sitikar take ya zama tas kamar gilashi. Ta cikinsa ya hango wayoyin wuta da barandar gidan da ke kallonsu, da wata mata tana shanya. Ashe hoton a jikin azurfar nan yake.

Ya mayar da sitikar daidai inda take, ya danna da babban yatsa. Ta ƙi zama. Ya cire, wani ɓangaren azurfar ya rage a yatsansa.

Duk da haka ya yaye ƙyallen, ya kunna na'urar, ya ɗora faifan. Ya sa tafin hannu a kanta. Ta juya sumul. Ba gunji, ba girgiza. Aikinsa ya yi kyau. Sannan shuɗin rubutun ya fito, babu faifai.

Ya zauna a ƙasa ya jingina da kujerar Baba. A lokacin ne ya tuna cewa ana iya buga dalma a ɗaya gefen ba tare da an cire komai ba. Wata sitikar kawai zai manna daura da ita. Ko hakan zai yi aiki, bai sani ba. Amma da faifan yana nan.

Bai koma shago ba. Gidan Yaya ya nufa.

Mijin ne ya buɗe ƙofa, da cokali a hannu. Daga ciki ana jin Akuya tana yi wa yara wasan zane.

"A'a! Injiniya da kansa! Mai Girma ne ya aiko ka neman..." Ya dubi fuskar Auta. Ya sauke cokalin. "Baba ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Yaya na nan?"

Yaya ta fito tana ɗaura ɗankwali. Auta bai yi dogon bayani ba. Ya buɗe hankicin, ya nuna mata faifan da sitikar. Ta ɗaga shi sama, ta hango fankar silin ta cikinsa.

"Wa ya sa ka?"

Auta ya hau naɗe hankicin.

"Auta, da kai nake. Wa ya aike ka? Taya ce wannan? Komai ka gani a duniya taya ce? Ni da na roƙi Baba ya fi a ƙirga, ban taɓa sa hannu a akwatinsa ba. Kai daga sayen gwangwani mai haske..."

"Ya isa, uwar yara," in ji mijin a hankali. Ya shiga ciki, ya zare wayar Akuya daga bango. Yara suka sa kuka. "Ku yi shiru, aro aka zo yi. Mu je a gani. Wannan ba abin da ba ta ci."

Sun tarar Baba ya dawo, kansa fes, yana zaune a bakin taga. Akwatinsa yana buɗe a kan gado yadda Auta ya bar shi. Ya gani, bai rufe ba.

Yaya ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. "Faɗa masa da bakinka."

Auta ya durƙusa ta ɓangaren dama. "Baba, na lalata faifan."

"Na'am?"

"Faifan Mama. Na lalata."

"Ɗaga murya mana, kana magana kamar marar lafiya."

"Na lalata faifan Mama!"

Maganar ta fita ta taga. Matar da ke shanya a barandar can ta juyo.

Baba ya miƙa hannu. Auta ya sa masa faifan. Ya ɗaga shi, ya dubi ɗansa ta cikin wurin da ya zama gilashi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya miƙo.

"Sa shi."

Auta ya janyo Mai Girma gaba don ya kai ga wayoyin talabijin. A bayansa ya ga ramuka biyu, ja da fari, waɗanda ya tsallake ranar da ya haɗa, don babu abin da zai shiga wurin. Akuya ma tana da ja da fari. Ya tsaya yana kallonsu. Tun ranar hutu suna nan. Ya ɗora Akuya a kan Mai Girma, ya kai wayar hoto talabijin, ja da fari ya soka su a ramukan. Ya sa faifan, ya tura farantin da yatsa.

Akuya ta yi ƙara, ta yi tari, ta yi kamar za ta amayar. Sai hoto ya fito.

Wannan falon ne, da safe, da tsohon fenti. Yaya a cikin fararen kaya, siririya, tana gyara hula a gaban madubi. Sautin ya fito ta ko'ina. Ashe akwai fanka tana kaɗawa a ranar, akwai rediyon maƙwabta, akwai ƙarar cokali a kofi. Duk shekarun nan talabijin ya haɗa su ya mayar da su shuuu. Sai daga can ciki, ta ƙofar kicin da ba a gani a hoton, murya ta taso.

"Auta! Ka ce wa Babanku shayinsa ya huce, ni kuma ba zan sake ɗumama wa kowa ba!"

Yaya ta toshe baki da hannu. Mijinta ya zauna a hannun kujera ba tare da ya sani ba. Ba wanda ya taɓa jin wannan, ko sau ɗaya.

Baba ya karkata kai. "An yi magana?"

Auta ya tashi. Ya ɗauko sifikar da ke ƙarƙashin talabijin, ya fizge ƙusoshin da ya danne wayarta da su, ya jawo ta har bakin taga. Ya ɗora ta a kafaɗar Baba ta dama, Baba ya riƙe ta da hannu biyu kamar jariri. Babu rimot. Auta ya fito da farantin, ya sake turawa da yatsa.

Fanka. Rediyo. Cokali a kofi. Sannan muryar.

Baba ya lumshe ido. Leɓensa ya ɗan motsa.

"Faɗa kawai take yi," ya ce. "Kullum sai ta ɗumama."

Aka bar faifan ya ci gaba. Aka fita daga gida, aka shiga mota, aka isa zauren. Mama ta gilma sau ɗaya a bayan wata mata. Shugaban makaranta ya hau mumbari ya fara godiya ga manyan baƙi. Yana cikin ambaton muhimmancin haƙuri a aikin jinya sai fuskarsa ta farfashe, ta zama ƙananan dabbare-dabbare. Sifikun suka yi ƙyat, ƙyat. Ya daskare da baki a buɗe. Akuya ta yi ta gurnani tana neman hanya, ta gaji, ta yi shiru.

Suka jira. Ba abin da ya motsa.

"Dariyar fa?" Baba ya tambaya.

Auta ya girgiza kai. Wannan ba ya buƙatar ɗaga murya.

Baba ya dubi shugaban makarantar da ke tsaye a talabijin da baki buɗe. Ya sauke sifikar a cinya, ya shafa kansa da aka aske.

"Dama hular tawa ba ta karkace ba," ya ce.

Yaya ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba. Da za ta tafi ta sa faifan a jakarta a gaban Baba, ba ta nemi izini ba, shi ma bai hana ba. Ta dawo da shi bayan kwana biyu tare da kwafi. Masu kwamfuta sun kwaso abin da za su iya. A daidai bakin shugaban makaranta su ma suka tsaya. Auta ya gwada kwafin a Mai Girma lokacin da ba kowa. Ya karɓa, ba musu. Bai faɗa wa kowa ba sai daga baya, kuma da ya faɗa Baba ya ce shi na asalin yake so, a cikin Akuya.

Haka aka bar su, Akuya a sama, Mai Girma a ƙasa, ƙyallen ƙura ba ya rufe su duka. Mijin Yaya ya sayo wa yaransa wani bidiyon, irin mai arha. Har yanzu in ya shigo sai ya rusuna wa na'urar, amma Injiniyan Taya ɗin ya daina faɗa.

Ranar hutu Baba yakan sa hula, ya buɗe akwati da ɗan mabuɗin da yanzu ke rataye a wuyansa. Shi da kansa yake ɗora faifan a faranti. Ba ya miƙa wa Auta. Bai taɓa faɗin dalili ba, Auta bai taɓa tambaya ba. Nasa aikin ya tsaya a gefe ya tura da yatsa.

Kunnen daman yana ƙara nisa. Sifikar da a da take zama a kafaɗa yanzu sai an manna ta a kunne, an kuma ƙure ƙara har mutumin ƙasa ya ɗauko sandarsa. Ba sa kaiwa zauren taro. Da zarar muryar ta fito daga kicin ta gama faɗanta, Baba sai ya ɗaga yatsa ba tare da ya buɗe ido ba.

"Sake."

Auta ya fito da farantin, ya tura.